Baƙuwar da ta haihu a ɗakina

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya same ni, ni mai tuwo ce a tashar Konni. Maigidana ya rasu, daga ni sai ɗiyata da ta kusa gama lakwal, wato makarantar boko. Sana'ar wurin innata na gada, har da halinta: duk macen da mota ta bari a tasha, gidanmu take kwana. Ban taɓa tambayar baƙo takarda ba, ban ma san ana tambaya ba.

Sai wani mutum mai yawan fara'a ya fara kawo mini 'yan mata daga kudancin Najeriya. Ya ce dangin matarsa ne, za su arewa aikin kitso. Su ɗan kwana biyu, mota ta zo ta kwashe su. Ba sa jin Hausa, ni kuma ba na jin nasu, sai dai in ƙulla musu ƙuli da gari in raka su bakin ƙofa. Wata rana ya zo da wata mai tsohon ciki. Ranar tafiya naƙuda ta kama ta, shi kuwa ya kafe sai ta shiga mota. Na tare ƙofa na ce masa sai dai ya bi ta kaina. Ya zage ni, ya tafi da sauran. Kafin mu sami mai kai mu likita ta haifi ɗanta namiji a ɗakina. Ni na yi mata wankan jego, ni na dama mata kunun kanwa. Da hannu muke magana, har bakinta ya iya ce mini Inna.

Ba ta yi arba'in ba jandarmomi suka yi sallama da hantsi. Ashe an kama mutumin a hanyar arewa, kuma wayarsa cike take da kiran lambata. A buro, wato ofishinsu, aka bayyana mini cewa akwai doka a kan masu safarar mutane ta hamada, kuma ba ta bar mai ba su masauki ba. Aka ce 'yan matan da nake ciyarwa sayar da su ake yi a can ƙetaren hamada. Na rantse ban sani ba. Babbansu ya sauke murya ya ce ya yarda da ni, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Haka na sami kaina a gidan kaso.

Ba ɗaurin ne ya fi ci mini rai ba. Fuskokin yaran nan ne, da yadda suke waiwayena sa'ad da mota ke tashi, ni kuma ina ɗaga musu hannu ina murmushi. Ɗiyata ta bar lakwal ta riƙe tukunya, har yau ba ta koma ba.

Baƙuwata kuwa an shirya mayar da ita gida, ta ce ƙafarta ba za ta ɗaga ba sai ta ga mai shari'a. Ranar zama ta shigo da goyonta. Ta bakin tafinta ta faɗi yadda aka yaudare su, da yadda na tare ƙofa. Da aka tambaye ta mene ne tsakaninmu, ba ta jira tafinta ba, ta nuna ni ta ce, “Inna.” Ranar aka sallame ni. Mun rabu a tasha, na ɗaura mata zanen goyon da na goyi ɗiyata da shi.

Na gane cewa duniyar da innata ta sauke baƙi a cikinta ta sake. Yanzu hanyar da ta bi ta ƙofarki tana iya kaiwa har bakin teku, kuma shari'a tana bin sawunta gida gida. 'Yan uwana mata, ban ce ku rufe ƙofa ba, ni ma ban rufe ba. Amma ku tambayi wanda ya kawo baƙuwa, ku nemi mai jin harshenta. In kuka ga yarinya ta kasa haɗa ido da mai rakiyarta, ku ja ta ɗaki ku zauna da ita kafin mota ta iso.