Mai Keke da Ramukan Haske Goma Sha Ɗaya

Shekara arba'in da ɗaya Mai Keke ta yi tana ɗinki a ɗakinta mai kallon titi, dab da taga, inda haske yake sauka a kan allura. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata, kuma ban taɓa ganin rigar da ta fito daga hannunta da zare yana lilo ba. Mijinta ya rasu tun 'ya'yanta uku suna ƙanana. Da keken ɗinkinta ta raine su, kuma shi ya ba ta sunan da ya danne nata na yanka.

Rufin gidan ya riga ta tsufa. Kwanon ya yi tsatsa, duk damina sai ta jera robobi da tukwane a wuraren da ta haddace: biyu a gefen gado, ɗaya a bayan ƙofa, babbar tukunya a tsakiyar ɗakin ɗinki. Bara silin ya rufto dab da ƙafarta. Sai babban ɗanta, wanda kowa yake kira Yaya, ya ce za a sauya rufin gaba ɗaya, ita kuma ta koma gidansa na mako biyu.

Ta yarda da rufi, ta ƙi tafiya. Ta dubi kwalayen da ya zo da su, ta gane cewa na kwashe gida ne, ba na kayan mako biyu ba. Ta kuma tuna da ƙawarta ta tsallaken titi, wadda aka ɗauka da sunan za ta dawo in an gama fenti, yau shekara shida, gidanta kuwa ya zama rumbun siminti.

"Inna, gida babu rufi fa. A ina za ki kwana?" in ji Yaya.

"A inda na kwana jiya. Ni ba tsohon kwano ba ce da za a cire a jingine a bayan gida."

Da ya ga ba za ta lanƙwasu ba, sai ya kafa sharaɗi: idan aka gama, ɗigo ɗaya ya sake sauka a cikin gidan, za ta bi shi ba tare da gardama ba. Ta ce ta ji, ta kira ni na zama shaida.

Kafintan da aka kawo ya so ya yaye rufin duka a rana ɗaya, kamar yadda suka saba. Ta ce masa tela ba ya farke riga gaba ɗaya don zai gyara hannu. Ɗaki ɗaya za a buɗe, a rufe shi, sannan a taɓa na gaba. Haka ta riƙa ƙaura da gadonta daga ɗaki zuwa ɗaki. Ta ɗaura lema a jikin kujera saboda tsatsar da ke zubowa, tana taka keke, guduma tana amsa mata daga sama. Ma'aikatan suka sa mata suna Injiniya. Ta ce ta karɓa, da sharaɗin su tsince ƙusoshinsu kafin su tashi.

A rana ta biyar aka rufe ɗakin ɗinki, saura silin. Da rana ta take, tana kalmasa bakin wani farin yadi, sai ta ga ɗan haske kamar ƙwayar shinkafa a kansa. Ta ɗaga kai, sai ga ramin ƙusa a sabon kwanon. Wanda yake kan rufi ba ya ganin katakon da ke ƙarƙashin kwano, da kirdado yake buga ƙusa. In ya kuskure, sai ya zare ta ya matsa gaba. Ƙusa ta fita, rami yana nan. Da an buga silin, babu mai sake ganinsa sai ruwa.

Ta ɗauki allin da take zana yadi da shi, ta durƙusa, tana kewaye kowane haske a daɓe, tana sauri domin rana tana tafiya da su. Goma sha ɗaya ta samu.

Kafinta ya sauko, ya yi dariya, ya ce ɗan kwalta zai shafa, shi ke nan.

"Malam kafinta, ka taɓa jin na miƙa wa mutum sabuwar riga da faci?"

Ta san kwalta: zafin rana ɗaya zai tsattsage ta, ɗigon farko kuma shi ne zai raba ta da gidanta. Ta ja kekenta zuwa tsakiyar ɗakin, ta zauna, ta ce duk mai son buga silin sai dai ya buga da ita. Aka kira Yaya. Ya dubi sama, ya ce ramukan ba su kai a tsayar da aiki ba.

"Kai ka ce ɗigo ɗaya," ta ce. "Ga goma sha ɗaya na zana maka. A hau da bokiti."

Aka hau, aka kwara ruwa a kan rufin. Muna tsaye ruwan ya sauko, yana ɗiga a gefen allinta ɗaya bayan ɗaya. Kafinta ya nemi tsani. Kwano huɗu ya cire. Kafin ya ɗora sababbi, ta miƙa masa zarenta mai kauri da allin, ta ce ya ja layi a kan kwano daidai da katako, kamar yadda ake yi wa yadi kafin a sa almakashi. Ya karɓa, yana cewa Injiniya ta gama da shi. Bokiti na biyu bai bar ko laima a ƙasa ba.

Ranar da aka yi ruwan farko na leƙa ta. Tukwane suna madafa, kowace a kife. Yaya yana zaune a bakin ƙofa, yana jiran ta rage masa ƙafar wando. Kwalayensa kuwa ta yanke su tuni, ta mayar da su ma'aunin wuyan riga, ta rataye a ƙusa kusa da taga.