Tsakuwa Bakwai a Bakin Gudron

Babana ya makance tun kafin in yi aure, amma ko sau ɗaya bai yarda a ja masa gora zuwa garkar albasarsa ba. Gudron, wato titin kwaltar da ya ratsa ƙauyenmu, kusa da Madawa, shi ne idonsa. Ya san kowace tsaga da kowane rami. In sandarsa ta faɗa rami na uku, sai ya karya dama ya gangara fadama.

Maigidana kuwa ma'aikacin hanya ne. Wata shekara kafin damina, shantiyensu, wato aikin gyaran hanya, ya iso ƙofarmu. Kamiyo, babbar motarsu, ya feshe hanyar da gudron mai zafi, aka watsa tsakuwa, aka danne ta. Wai gara a rufe tsaga tun tana ƙarama, kafin ruwa ya shige ta ya ci hanyar. Kowa na murna, har da ni.

Washegari Baba ya fita da sandarsa, ya yi ta lalube, babu rami ko ɗaya. Masu jaki suka tsince shi can wajen maƙabarta suka maido shi. Ya jingine sandar. Kwana biyar bai fita ba, albasa na shan rana.

Na tare maigida da faɗa, ni dai bakina ba ya da linzami. "Kun gyara ma mota, kun ɓata ma tsoho! Allah ya isa tsakanina da kamiyonku!"

Shi suruki ne, ko ido ba ya haɗawa da Baba, balle ya ba shi baki. Da hantsi na hango shi tsugune bakin hanya da gwangwanin gudron, yana dasa manyan tsakuwa bakwai a jere, daidai inda ramin na uku yake da. Ya dawo da ƙuna a yatsu, ya ce mini, "Ki ce ma tsoho ya gwada hita."

Na bi Baba daga nesa. Sandar ta yi ƙwas, ƙwas. Ya tsaya, ya duƙa ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya karya dama.

Da la'asar ya dawo da albasa a aljihu, ya miƙo mini.

"Ɗiyata, ki daka wagga ki sa ma mutumin naki a yatsu. Na ji wurin da hannu nai ya manne ga gudron."

Na shige madafa na yi kukana.