Safiyatu Mai Ƙuli da Ƙahon Wanzami

Safiyatu mai ƙuli ba ta da farin jini a ƙauyensu da ke gabas da Zakirai, kuma ba ta taɓa neman sa ba. Shekara ashirin da wani abu tana suyar gyaɗa, tana kai niƙa, tana matsar mai a turmi, har tafukan hannunta suka yi kanta. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu kuma suka yi aure a Minjibir, sai ta dawo gidan ubanta ta kama ɗaki a gefen ƙanenta Nababa. In ka gaishe ta sau ɗaya za ta amsa. In ka ƙara, za ta tambaye ka abin da ya kawo ka.

Nababa manomi ne, gero da dawa da gyaɗa. Damina biyu a jere, in ya ɗauki fartanya, kafin rana ta ɗaga ya zauna yana haki. Ƙafafunsa suka kumbura. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce shawara ce. Safiyatu ta sa shi a mota zuwa wani babban asibiti a birni. Likitoci suka ce wata ƙofa ce a cikin zuciyarsa ta lalace, sai an buɗe ƙirji an sa masa ta ƙarfe.

Ranar da aka ce a kawo masu ba da jini, dangin da suka cika waya da addu'a duk suka ɓace. Wannan yana da jiri, wancan ya tafi kasuwa. Safiyatu ta naɗe hannun rigarta aka ɗiba, sauran kuma wani direban Minjibir da ba su haɗa komai ba ya bayar. Ta riƙe wannan a ranta.

Aiki ya yi kyau. Ranar sallama wata nas ta zaunar da Safiyatu da matar Nababa, Aina'u, ta yi musu bayani dalla-dalla. Zai riƙa shan wata ƙwaya kullum mai tsinka jini, don kada jini ya daskare a jikin ƙarfen. Saboda haka ko ƙaramin yanka ne zai iya ƙin tsayawa. Ba tsaga, ba ƙaho, ba jiƙe-jiƙen sassaƙe. Ba ɗaukar kaya har wata uku. Masu dubiya kuma a rage su sai ɗinkin ya warke. Aina'u tana ta gyaɗa kai, amma Safiyatu ta san ta. Yarinyar kirki ce, sai dai ba za ta iya ɗaga ido ta kalli babba ta ce masa a'a ba.

Da suka dawo gida, Safiyatu ta jawo turminta ta kafa shi a bakin ƙofar ɗakin Nababa.

"Sannu da aiki, Safiyatu. Mun zo dubiya."

"Ga taga can. Ku leƙa."

"Ta taga? Mu da muka goya shi?"

"Inna, tari kike yi tun daga zaure. Ki kai shi gidanki."

Kwanukan jiƙo da aka riƙa aikowa kuwa, a gaban masu kawowa take tuttular da su a makwararar ruwa. Kafin mako biyu ƙauye ya ɗauka. Aka ce ta mai da ɗan'uwanta fursuna. Aka ce an sa masa agogo a ƙirji ne take ɓoyewa, don in ɗaki ya yi shiru ana jin ƙarfen yana ƙas-ƙas. Gidaje da dama suka daina sayen ƙulinta.

Nababa kansa haushinta yake ji.

"Yaya, kin raba ni da mutane."

"Waɗanne? Waɗanda aka nema ranar jini?"

"Wallahi gara asibiti da gidan nan."

"To tashi ka koma. Amma shanye ƙwayar nan tukuna."

Kwanciyar rigingine ta sa masa ciwon baya, ya yi ta ƙorafi har maganar ta kai kunnen Baba Yahya, ƙanen mahaifinsu, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Baba Yahya ya zo har bakin turmi da sandarsa.

"Mataccen jini ne ya kwanta masa a baya. Duk wanda aka yanka haka yake. Gobe Basiru wanzami zai zo ya yi masa ƙaho."

"Baba, likita ya hana."

"Likita ne ya yi masa askin suna? Uban Basiru ne ya yi muku, ke da shi. Ubanku duk shekara sai an yi masa ƙaho, ya kai tamanin."

"Ubanmu ba ya shan ƙwayar nan. In aka tsaga Nababa jinin ba zai tsaya ba."

"Ke dai ba ki da ta ido. Zama kike yi a gidan nan, ba naki ba ne."

"Na sani, Baba. Amma aska ba za ta taɓa shi ba."

Kwana huɗu ba ta leƙa ko zaure ba, Basiru kuma bai zo ba. A na biyar gyaɗar da ta soya ta fara neman lalacewa, dole ta kai inji. Ta ja Aina'u gefe ta ce ko waye ya zo, a ce yana barci. Ta ɗauki daro ta fita da hantsi.

Layi ya yi tsawo a wurin niƙa. Da ta dawo, abin da ta fara gani shi ne takalma ƙafa biyu a ƙofar ɗakin, an ture turminta gefe. Aina'u tana tsaye a bakin madafi, ido ya yi ja.

"Yaya, na ce yana barci, Baba ya ce in matsa."

Safiyatu ta dire daron ta faɗa ɗakin. Nababa yana zaune a tabarma ba riga, ya ba ƙofa baya. Basiru ya riga ya tsattsaga wuri biyu a ƙasan kafaɗa, ya cire ƙahon. Jini yana gangarowa har ya jiƙa wando.

"Kin gani?" in ji Baba Yahya. "Ga cutar nan tana fita."

Amma Basiru shekara arba'in yana wannan sana'a, ya san jinin da ke tsayawa. Ya goge da auduga, ya sake gogewa, jinin bai tsaya ba.

Safiyatu ta fizge mayafinta, ta dunƙule shi, ta danna a kan tsagar da duk ƙarfin da take matsar mai.

"Basiru, tashi ka nemo mota. In ka tsaya ɗaukar zabira, wallahi a kanka zan farfasa ƙahonin nan."

"Ke Safiyatu! A gabana?" in ji Baba Yahya.

"Baba, matsa daga ƙofa."

Wanzamin ya fita a guje ba takalmi. A bayan wata a-kori-kura mai ɗaukar buhuna aka kwantar da Nababa ta gefe ɗaya. Tun daga ƙauye har asibiti Safiyatu ba ta ɗaga hannunta ba. Leɓunansa suka yi fari. Ya ce mata yana jin sanyi, ta ce ya yi mata shiru. Da ma'aikata suka karɓe shi, sai da wata nas ta ɓamɓare mata yatsu daga mayafin, don sun ƙage. Aka tsayar da jinin, aka riƙe shi kwana uku.

Ba wanda ya ba ta haƙuri. Baba Yahya ya bi majalisa yana cewa ta ci masa mutunci a gaban wanzami, har yau in ta gaishe shi sai ya kau da kai. Ita kuma kullum sai ta gaishe shi, sau ɗaya. Basiru ya daina bi ta ƙofar gidan, sai dai ya aiko a faɗa wa Nababa kada ya yarda kowa ya ƙara sa masa aska, ko ta aski ce. Matan da suka daina sayen ƙuli ba su dawo duka ba. Ta koma ba wa masu kai wa kasuwar Zakirai.

Nababa bai yi mata godiya ba, bai kuma ƙara cewa ta raba shi da mutane ba. Wata rana wani maƙwabci ya shigo da kwalbar jiƙo, ya wuce turmi kai tsaye ya miƙa masa. Safiyatu tana ji daga waje.

"Kai wa Yaya ta gani," in ji Nababa.

Mutumin ya fito da kwalbarsa, ya kalle ta, ya wuce ba sallama.

Da wata uku suka cika saura kwana shida, tana tsakiyar juya tunkuza da safe, gumi yana ɗiga, sai ga Nababa ya fito a hankali. Ya tsaya a kanta, ya kama muciyar.

"Kawo nan. Kin tsufa, mai ba ya fita."

"Sake min muciya."

"Na warke, Yaya."

"Likita ne ya ce, ko Baba Yahya?"

Ya saki. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗauki faranti ya fara mulmula ƙuli, manya-manya marasa kyan gani. Ta kalle su ta yi tsaki.

"Wa zai sayi wannan?"

Amma ba ta karɓe farantin ba.