Baƙo Makaɗin Noma da Taken Dogo

Da sunan Allah na fara, Mai saukar da ruwa, Mai riƙe shi idan Ya so. Wannan labarin Baƙo ne, makaɗin noma na ƙauyenmu Marke, tsakanin Kafur da Bakori. Na yi noma a gaban gangarsa tun ƙarfina yana cike, kuma ina cikin waɗanda suka sauko da shi daga dutse ranar da aka sare masa hannu. Abin da ban gani da idona ba, yawanci daga bakinsa na ji shi.

Baƙo Bamaguje ne, ɗan makaɗi, jikan makaɗi. Gajere ne mai kaurin wuya, ba ya rabuwa da mita. Idan ya dawo daga kasuwar Bakori sai ya yi ta zagin majema, wai suna sayar masa da fatar saniyar da yunwa ta kashe, wadda ba ta jure wa gula. Yakan ce maƙeran yanzu garmarsu tana lanƙwashewa tun ba ta ga ƙasa mai tauri ba. Jakadan birni kuwa, mai zuwa karɓar dammunan haraji da kaka, Baƙo yakan ce bai taɓa ɓatan hanyar rumbunmu ba, amma ranar da mahara suka zo sai hanyar ta ɓace masa. Har ya mutu bai yi salla ba, duk da haka babu Musulmin Marke da zai kira gayya ba tare da ya fara aika masa da goro ba.

Ga wanda bai san al'adarmu ba, kowane manomin da ya isa yana da takensa a ganga. Idan makaɗi ya buga taken mutum, to, ya kira shi ne a gaban jama'a, kuma dole ya amsa. Wanda aka buga wa take ya ƙi fitowa, mata za su sa shi a waƙar daka, 'ya'yansa su gaji kunyar. Saboda nauyin wannan kira ba a buga taken wanda ba ya wurin, ba a kuma buga na mamaci.

A duk ƙasarmu babu taken da ya kai na Dogo. Shi abokin Baƙo ne tun suna kiwon awaki, kuma shi ke jan gaba a kowace gayya. Garmarsa sai mutum biyu suke ɗaga ta a ɗora wa jaki. Har Malumfashi an san takensa, yara suna kwaikwayonsa da ƙwarya.

A wancan zamani mahara daga arewa sun addabe mu. Da farko da rani suke zuwa. Daga baya suka gane cewa da damina ne ƙarfafan maza ke fita bayan kafin da ya kewaye gari, ba su riƙe da komai sai garma, kuma gangar noma, wadda ake jin amonta daga nesa, tana gaya musu inda aka taru. Haka aka kwashe gayya guda a wani ƙauye kusa da mu, aka yanka tsofaffi a bakin kunya, aka ɗaure samari wuya da wuya. Sai mai garinmu, Maitama, ya hana kiɗa.

A shekarar kuma ruwa ya makara. Muka yi shuka ta ƙone, muka sake. Da ruwan ya sauka sai ya sauka ba ƙaƙƙautawa, ciyawa ta taso ta fi dawa tsawo. Babbar gonar yamma, wadda rabin gari ke ci daga cikinta, ta kusa shaƙewa. Aka yi gayya ba kiɗa, mutane suka yi ta jan jiki kamar masu zaman makoki, rana ta faɗi ba a ci ko kusurwa ba. Kowa ya san idan aka ƙara jinkiri, yunwa za ta yi mana abin da mahara ba su yi ba.

Baƙo ne ya kawo shawara a ƙofar mai gari. Ya ce a kai masa ganga kan dutsen gabas, shi kaɗai, ya yi kiɗa kamar a nan ake gayya. Mu a gonar yamma za mu riƙa jin amon muna noma da shi. Idan mahara sun biyo sauti, dutse za su nufa. Da zarar sun iso gindinsa zai yanke kiɗa ya shige wani kogo da ya sani, mu kuma yankewar ce alamarmu ta gudu cikin kafi. Maitama ya tambaye shi taken wa zai buga, tunda duk wanda ya kira zai bar gona ya tafi. Baƙo ya ce na matattun da babu wanda ya gaji takensu zai buga, su ba su da ƙafar zuwa. Tsofaffi suka ƙi, suka ce abin ba kyau. Baƙo ya ce idan matattun sun yi fushi su zo su kama mana noman. Daga ƙarshe aka yarda.

Da gari ya waye Dogo da kansa ya ɗauki gangar ya hau da ita. Da zai sauko ya ce, "Kai gajere, kada ka kuskura ka taɓa nawa. Ka san ƙafata ba ta jin magana."

Baƙo ya ce, "Tafi can. Wa zai ɓata fata a kan taken rago?"

Muka shiga gona. Amo ya riƙa zuwa mana daga gabas, taken kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda wasunmu ba su ji ba tun suna goye. Garma ta yi sauƙi. Kafin rana ta take mun ci fiye da rabi.

A lokacin nan Baƙo ya hango dawaki sun ɓullo ta bakin rafi. Suka nufo dutse, sai kuma suka tsaya. A cikinsu akwai wani mai suna Jibo, mutumin wajen Kafur da suka kama suka mai da shi ɗan jagora. Bayan shekaru Jibo ya kuɓuto, ya gaya mana cewa shi ne ya ce wa shugabansu duk waɗanda gangar nan ke kira sun daɗe a ƙasa, babu gayya a can. Baƙo bai ji maganarsu ba, amma ya ga sun juya kawunan dawaki yamma, wajen da muke, maza da mata masu kawo fura, kowa ya ba su baya.

Ko da ya yanke kiɗa a sa'ar nan, da dawaki sun riga mu ƙofar kafi. Sai ya buga taken Dogo.

Jibo ya san taken, maharan ma sun ji labarin mai shi, kuma bawa irin Dogo ya fi goma daraja. Suka juyo wajen dutse a guje. A gonar yamma kuwa na ga Dogo ya miƙe tsaye a tsakiyar kunya. Matarsa Bilki ta ajiye ƙwarya ta riƙe masa hannu. Na ce masa ya tuna abin da aka shirya, wannan kiran ba nasa ba ne. Ya ce sunansa ya ji, bai ji na wani ba. Ya fizge, ya saɓa garma, ya yanki daji. Ba a jima ba ganga ta yi shiru, muka kwasa zuwa kafi, babu wanda aka kama.

Baƙo ya riga ya kai bakin kogo lokacin da ya hangi Dogo yana ratso fili, ya nufi tsakiyar dawaki. Ya fito sarari yana ɗaga hannu yana ce masa ya koma. Kibiya ta sami Baƙo a cinya. Dogo bai ko dube shi ba. Doki na farko da ya taso masa, ya sare masa ƙafar gaba da garma, mahayin ya faɗo, ya raba masa kai. Mahayi na biyu ya fizgo shi daga sirdi ya taka masa wuya. Sannan suka kewaye shi. Mashi ya shiga ta bayansa ya fito ta ciki, bai faɗi ba sai da suka sare masa jijiyar agara. Suka yanke kansa don haushin bawan da suka rasa.

Suka hau dutse suka sami Baƙo kwance. Gurgu ba ya kai musu kasuwa, don haka shugaban ya sa aka farke gangar, aka ɗora hannun Baƙo na dama a kan bakinta, aka sare shi da takobi daga wuyan hannu. Da suka hango mu mun fito da kwari da baka, hadari kuma ya haɗo, suka ɗauki gawarwakin mutanensu suka tafi. Muka tarar da jini yana bin tsagin dutse tare da ruwan sama. Wanzami ya tsoma dungun cikin tafasasshen man shanu, mu huɗu muna danne da shi.

Dawa ta yi kyau a shekarar. Jakada ya zo da kaka ya karɓi nasa, bai tambayi kabarin kowa ba.

Gari ya rabu a kan Baƙo. Wasu suka ce ya fanshi mutane da yawa da mutum guda. 'Yan'uwan Dogo suka ce ya kira abokinsa ga mashi yana sane. Baƙo bai taɓa kare kansa ba. Bayan an gama girbi Bilki ta same shi a ƙofar gidansa, ina zaune. Ba ta gaishe shi ba.

Ta ce, "Baƙo, da ka buga, ka san zai zo?"

Ya ce, "Na sani."

Ta ce, "To, ka riƙe taken. Kada ka ba ɗana, kada ka ba kowa."

Bisa al'ada ɗan fari ke gadon taken ubansa, amma Baƙo ya yi yadda ta ce. Da dungun ya warke ya sa aka ɗaure masa gula da tsirkiya, ya koma kiɗa, ya yi shekaru masu yawa yana yi, yana zagin majema kamar da. A kowace gayya yakan bi take ɗaya bayan ɗaya, idan ya iso inda na Dogo yake sai ya ɗaga gula ya tsaya, mu ja kunya guda ba kiɗa, ba ka jin komai sai garma. Ɗan Dogo ya girma ya ja gaban gayya, Baƙo ya ƙirƙira masa wani take dabam. Na ubansa kuwa, Baƙo ya mutu bai koya wa kowa ba.