Baba Mainasara, Sun Ɗage Maka Horo Kana Cikin Akwati

Da safiyar Talata, 11 ga watan Maris, 2025, ina gareji ina duba wata mota da ta dawo daga Zango, sai Yelwa, 'yarka ta fari, ta kira ni a waya. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Yaya Maliki, Baba ya tafi gida." Haka kai Baba Mainasara Kabo, dattijo a ikilisiyarmu ta nan Daura, ka bar mu kana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar mako uku.

Baba, ni ba marubuci ba ne. Aji uku na yi a sakandare na fita na kama ƙarfe. Gareji da motoci biyar da nake da su yau, bayan ikon Allah, hannuna ne ya kawo su, ba gado na ci ba. Ban saba roƙo ba, ban kuma saba tsoro ba. Don haka abin da aka ƙi faɗa a bakin kabarinka, ni zan rubuta shi.

Ina da shekara ashirin da huɗu na daina zuwa sujada, saboda wani mai tsaron ƙofa ya dubi rigata mai baƙin mai ya ce in koma in yi wanka. Shekara biyu babu wanda ya neme ni sai kai. Ka zo a kan kekenka, ka zauna a kan tsohuwar taya, ka ciro gyaɗa muka ci. Ba ka yi mini wa'azi ba. Da za ka tashi ka ce, "Kai dai zo da rigar taka. In ta ɓata benci, ni zan goge." Na je. Ban sake fashi ba.

Kai ne kaɗai ka tsaya ka tambayi matasanmu abin da ya hana su zuwa coci. Sauran dattawa kullum waya suke zargi, da gidan kallon ƙwallo. Kai kuwa ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka gano abin da kowa ya sani amma aka ƙi dubawa: Lahadi ce kasuwar Mai'adua. Direbobinmu, da masu lodi, da 'yan acaɓa, da 'yan mata masu sayar da abinci, abin da za su ci har mako ya zagayo a ranar suke samunsa. Mota na tashi ƙarfe bakwai, sujada kuwa sai tara. Sai ka buɗe musu coci ƙarfe shida na safe. Waƙa biyu, karatun Maganar Allah, addu'a, kowa da kayan aikinsa a jiki, kafin bakwai an sallame su. Da mutum bakwai ka fara. Kafin damina biyu sun haura arba'in. Ka san wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya a ƙauye, ka san wadda ta faɗi jarrabawa tana jin kunyar fitowa. Aure huɗu na sani da suka fito daga wannan sujada.

Sai Dattijo Zailani, shugaban dattawan ikilisiya, ya ce ka raba jama'a biyu, ka kuma halatta ciniki a ranar Ubangiji. Wannan Zailani, kowa ya san shagon maganinsa ta ƙofar baya yake buɗewa ranar Lahadi da la'asar. Sabon fasto, da ko hanyoyin garin bai gama sani ba, ya sunkuyar da kai. Suka karɓe makulli daga hannunka, suka sa ka a ƙarƙashin horo: ka koma bencin baya inda ake zaunar da masu laifi, ba za ka ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da masu bi suke tarayya a kai, sai ranar da ka tsaya gaban jama'a ka ce ka yi kuskure.

Wata goma sha ɗaya ka yi a kan bencin nan, ba ka rasa Lahadi ko ɗaya ba. Na ce maka, "Baba, mu bar musu cocin mana." Ka yi dariya ka ce, "Benci ne fa, Maliki, ba kurkuku ba. Daga nan ma ina jin wa'azi, kuma iska ta fi shigowa." Amma haƙurin da suka ce ka ba su, ka ƙi bayarwa, domin ka ce ba za ka yi ƙarya a gidan Allah ba. Matasan kuwa suka watse. Yawancinsu tun ranar ba su sake taka wani coci ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, abu ɗaya ka roƙa, a kawo maka jibin Ubangiji. Yelwa ta je sau uku. Sau uku ana ce mata dattawa za su zauna. Ba su zauna ba sai da ka cika. Ranar jana'iza, maƙwabtanka Musulmi suka haƙa maka kabari da azumi a bakinsu. Matasan da aka ce sun lalace suka zo har waje ya cika, su ne suka ɗauki akwatinka. A nan ne Zailani ya miƙe da babbar riga, ya share murya, ya sanar cewa an ɗage maka horo, ya kuma kira ka ginshiƙin ikilisiya. Na dubi Mama Rifkatu, matarka, na ga ta rufe fuska da gyale. Don darajarta kaɗai na riƙe bakina a ranar.

Yanzu ga abin da zan yi, kuma ba a ɓoye zan yi shi ba. Lahadi ta farko a watan Mayu za a zaɓi dattawa, kuma duk wanda aka yi wa baftisma yana da ƙuri'a. Na bi matasanka gida gida, arba'in da uku sun ba ni hannu. A ranar, motocina biyar ba za su je Mai'adua ba. Kasuwar ta wuce mu, mun yarda. Zan kwaso su in kawo su da kayan aikinsu, mu cika bencin gaba. Zailani, ba zan zage ka ba, ba zan taɓa ka ba. Sauka kawai za ka yi, kai da waɗanda suka ɗaga maka hannu, ina tsaye ina kallonka. Lahadin da ke biye kuma, ƙarfe shida, za a buɗe ƙofa, kana iya zuwa ka gani.

Na san da kana nan, Baba, da ka kama hannuna ka ce in bari. Duk rayuwata maganarka nake ji. Wannan karon ka yi haƙuri da ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Rifkatu, da Yelwa da ƙannenta, da dangi na ƙauye, da matasan da ka bari babu uba. Allah ya ba su ƙarfin zuciya, ya share musu hawaye. Kai kuma Baba, Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutu na har abada, ya zaunar da kai a teburinsa, inda babu dattijon da zai ce sai an zauna tukuna. Ni kuwa, masu karanta wannan su sa ni a addu'a, domin na gwada yafe wa mutumin nan, har yau bakina bai iya furtawa ba.

Maliki Sada, Daura.