Gyaran da Na Cinye a Hanya

Ban je Tamanrasset don in zauna ba. Daga Tasawa na taso da niyyar wucewa Gardaya, inda aka ce ana neman masu aiki, sai kuɗin mota suka ƙare mini a hanya. Na ce sati biyu zan yi in tara in wuce. Sai da na yi wata goma sha ɗaya, kuma a cikinsu ban taɓa kwance jakata gaba ɗaya ba. Kowace Juma'a sai na je tasha na tambayi kuɗin mota, kamar za a rage su saboda ni.

Da farko bulo nake ɗauka a wani shantiye, wato wurin gini, har bayana ya riƙe. Mai ginin wani Balarabe ne daga arewa, yana da shagunan kayan masarufi huɗu a unguwanni daban-daban. Wata rana ya gan ni zaune a inuwar tankin ruwa ina murza ƙugu, ya kira ni ya ce yana da aikin da ba ya son baya, ido da baki kawai yake so. Zai riƙa ba ni kuɗi in shiga shagunansa kamar kowane mai saye, in sayo abin da ya ce, in kai masa sito ya auna, in kuma faɗa masa yadda aka karɓe ni da farashin da aka faɗa mini. Masu tsaron shagunan ba su san ni ba, ga shi irina sun cika garin, ba mai duban fuskarmu sau biyu. Duk mai tsaron da aka kama da laifi sau biyu, aikinsa ya ƙare. Tun ranar farko ya faɗa mini wannan, ba zan ce ban sani ba.

Abokan ɗakina su uku sun yi ta yi mini tsiya. "A ba ka kuɗi ka yi cefane, kuma a biya ka? Kai ka samu duniya!" Ni ma haka na zata. Ashe ladan bai kai rabin na ɗaukar bulo ba, sauran a kaya ne, domin abin da na sayo in an gama aunawa ya zama nawa. Ɗakinmu ya cika da tumatirin gwangwani da makaroni da ganyen shayi, direban Gardaya kuwa ba ya karɓar tumatir. Ga tafiyar ƙafa daga wannan unguwa zuwa waccan, tunda kuɗin taksi ba ya cikin yarjejeniya. Ga sake kama kullum, yau hular sanyi, gobe rigar aro. Abin ya shiga jikina har na kasa zama wuri ɗaya. Ko shayi aka gayyace ni sha, sai in tsinci kaina ina lura da yawan sukarin da ake zubawa.

Shago na huɗu yana bayan kasuwa, kusa da inda motocin ƙauyen Hirafok ke sauke kayan lambu. Mai tsaronsa wani dattijo ne mutumin Damagaram, shekara tara yana wurin, matarsa da 'ya'yansa suna garin a ɗaki biyu na haya, da wannan shagon yake ciyar da su duka. Ranar da na fara shiga na yi niyyar yin Larabci, amma ina buɗe baki ya ɗago kai.

"Ɗana, daga ina?"

"Tasawa, Baba."

"Ai na ji a bakinka. Ina baƙunta? Ina labarin mutanen gida?"

Na ce ya ba ni dabino kilo ɗaya. Ya auna, allurar sikeli ta tsaya daidai, sannan ya sa hannu a buhu ya ƙara biyar ko shida a kai. Gyara ke nan. A wajenmu ba a auna abu a ƙulle leda haka kawai, sai an ɗan ƙara, wanda bai ƙara ba kuwa sunansa marowaci har ya bar kasuwa. Wata takwas rabona da wani ya ƙara mini ko ƙwayar gyaɗa. Na fito daga shagon idona ya ciko da ƙwalla.

Ina isa sito na shiga zuba yabo. Na ce duk shagunan babu kamar wannan dattijo, ya iya karɓar mutane, har gyara yake yi. Maigidan ya ɗora ledar a kan sikelinsa, ya dubi allura, ya dube ni. Ya ce wa ya ba shi izinin yin kyauta da dabinon da ba nasa ba? Na shiga bayani da gurgun Larabcina, cewa al'ada ce, ita ke dawo da mai saye, rabin Hausawan unguwar saboda ita suke zuwa shagon. Ya ce a garinsu kilo kilo ne. Ya ce wannan laifi na ɗaya ke nan, zai ja masa kunne, bayan sati biyu in koma in sake sayo dabino.

Waɗannan sati biyun ban ji daɗin komai ba. Haushin bakina nake ji, wa ya aike ni yabo? Sau uku ina zuwa bakin layin shagon don in gaya wa dattijon gaskiya, sau uku ina juyawa. In na faɗa masa, kafin Magariba duk masallacin 'yan Nijar sun ji cewa ɗan Tasawa ɗan leƙen asirin Balarabe ne. Maigidan kuma ya san ba ni da takardu, ya taɓa ambata haka yana murmushi, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa in tsinci kaina a motar da ke mayar da mutane bakin iyaka. Ga shi saura kaɗan kuɗin Gardaya su cika. Sai in zaga kasuwa, in je tasha, in dawo ɗaki, in sake fita.

Ranar komawa na yi dabara. Na aro rawani na naɗa irin na Buzaye har hanci, na ƙudura Larabci zalla zan yi, tunda baƙo ba a cika yi masa gyara ba. Ina sallama dattijon ya fashe da dariya.

"Ɗan Tasawa, yaushe ka zama Buzu?"

Ya auna dabinon. Ya leƙa ƙofa, hannunsa ya shiga buhu ya fito da sauri, ya ƙulle ledar.

"An hana ni," in ji shi ƙasa-ƙasa, "amma kai namu ne."

Ban ga nawa ya ƙara ba. Na fito na kama hanyar sito da ƙafa cikin rana. A hanya wata dabarar ta zo mini: in cinye gyaran, in kai kilo cif, a bar bawan Allah a kan aikinsa. Na raɓe jikin wata katanga na kwance ledar. Wancan karon biyar ne ko shida, don haka na ci biyar. Na jinjina ledar a hannu, sai na ji kamar har yanzu da nauyi. Na ci biyu. Na yi gaba kaɗan, tsoro ya sake kama ni, na ƙara biyu. Ƙwallayen dabinon kuma na riƙa zuba su a aljihu, wai kada in bar alama a hanya. Akwai masu sikeli da yawa a kan wannan hanya, ko ɗaya ban yi tunanin roƙonsa ya auna mini ba. Sai daga baya tunanin ya zo mini, lokacin da ba shi da amfani.

Maigidan ya ɗora ledar. Allura ta tashi, ta tsaya kafin ta kai kilo. Ya sauke ya sake ɗorawa, ta sake tsayawa nan.

"Da yana ƙarawa, yanzu yana tauyewa," in ji shi. "Wato a jikin masu saye zai rama faɗan da na yi masa."

Ya tura direbansa a ɗauko dattijon. Ba ya haɗa ni da masu tsaron shago, amma a wannan rana fushi ya mantar da shi, ni kuma na tsaya nan ban fita ba. Dattijon ya shigo yana gaisuwa. Ya ga ledar a kan sikeli, ya gan ni tsaye da rawanina a hannu, gaisuwar ta tsaya masa a baki. Maigidan ya nuna masa allurar.

"Ban taɓa tauye wa kowa awo ba," in ji dattijon da Larabci. "Na ma ƙara masa uku, kore ni a kan wannan in ka so." Sai ya juyo gare ni da Hausa. "Ɗana, kora ba komai ba ce, Allah ke ciyarwa. Amma kada in fita garin nan da sunan mai tauye awo, 'ya'yana suna ji. Kai ka saya. Gaya mishi."

Uku ne ashe, ni kuwa na ci tara. Ƙwallayen suna aljihuna, hannu kawai zan sa in zube su a kan teburin. Maigidan ya tambaye ni ko na buɗe ledar a hanya. Na dubi ƙasa.

"Haka ka ba ni, Baba," na ce da Larabci, don maigidan ya ji.

Maigidan ya ce dattijon ya ajiye makullin shago. Makullin yana ɗaure da igiya a wuyan hannunsa, ƙullin ya daɗe har ya ƙanƙame, dattijon ya yi ta fama ya kasa kwancewa. Maigidan ya gaji da jira ya ce in taya shi. Na matsa na kama hannunsa. Yatsuna duk danƙon dabino ne, suka manne a fatarsa. Ya dubi yatsun, ya dubi fuskata, ya daɗe yana dubana. Bai ce wa maigidan komai ba, ya riƙe hannun a miƙe har na gama kwancewa.