Man Keke a Idon Kyamarar Baffa

Ni tun ina ƙarama ba na iya ganin abu in ƙyale shi. Ƙofa ta yi ƙara, sai in ga kamar gobe za ta faɗo. Haka na ɗora wa kaina damuwar kyamarar Baffa Ummaru, ƙanen babanmu, mai ɗaukar hoto a bakin kasuwar Gwandu. Tsohuwa ce baƙa mai ido biyu, irin wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. In ya danna sai ta ce ƙyas, a bushe, in ga kamar karyewa za ta yi. A gidanmu kuwa duk abin da ya bushe mai ake sa masa: keken ɗinkin Inna, kwaɗon ƙofa, ƙafar jariri.

Ina shekara tara Kaka, uwar su Baffa, ta yarda a ɗauke ta hoto, bayan ta daɗe tana ƙi. Autanta da ke aiki a Ikko ne ya yi ta aiko da roƙo. Ta ce sau ɗaya tak, ranar Juma'a, in ta wuce kada wanda ya sake yi mata maganar. Ranar Laraba na ce a raina, in abin nan ya karye kafin Juma'a fa? Da Baffa ya tafi masallaci na ɗauko man keken Inna, na ɗiga sau uku ta ramin ɗan hannun da ake ɗanawa. Na ji daɗi ƙwarai.

Washegari da la'asar ya shigo fuska a murtuke. A cikin idon kyamara akwai wasu 'yan ganyen ƙarfe da ke buɗewa su rufe kamar ƙiftawar ido, su ke barin haske ya shiga. To, sun buɗe sun ƙi rufewa.

Lokacin sanyi ne, bayan isha'i duk muna kewaye da murhun Kaka, ana gasa dankali a toka. Baffa ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, ya jawo fitilar ƙwai, yana kwance 'yan kusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya shinshina yatsansa.

"Mai ne. Wallahi mai ne! Wa yat taɓa min ita?"

Ni dai na ƙura wa wuta ido, dankalina na ƙonewa. Kaka ta dube ni sau ɗaya, ta gyara zama.

"Ummaru, rage murya, kada ka kore min baƙuwa. Yara, ku matso, tatsuniya ta iso ƙofa."

Muka ce ta shigo ta zauna.

Wai wata tsohuwa ce a bakin fadama, ba ta da kowa sai zabuwa guda. Don so, tare suke cin tuwo. Rannan ta shafa bayan zabuwar ta ji gashinta a bushe, tausayi ya kama ta, ta ɗauko man shanun da take ɓoyo don Salla ta shafe ta tas har ƙarƙashin fiffike. Zabuwa ta fita tana ƙyalli. Sai ga muzuru. Ta buɗe fiffike za ta tashi, gashi ya manne, sai gudu da ƙafa, tana zagaya rumbu tana kuka. Da ƙyar tsohuwa ta kori muzuru da muciya. Ta zauna ta wanke zabuwa da ruwan toka, gashi ɗaya bayan ɗaya, har ta iya hawa bishiya.

"To, ku hwaɗa min," in ji Kaka, "tsohuwar ga muguwa ce?"

Muka ce a'a.

"Ai ko zabuwa ba ta riƙe ta ba. Ƙawata, ke mi kinka gani?"

Ni take kira ƙawarta. Sai kawai na fashe da kuka, na ce ni ce, ji na yi tana ƙara a bushe. Baffa ya buɗe baki, ya dubi uwarsa, ya rufe. Can ya yi dariya.

"Ke uwar 'yan tausayi! Ita wagga da bushewa taka aiki. Zo ki ga ɓarnar da kinka yi."

Da safe ya zauna inda rana ke faɗowa a zaure. Da matsefata yake ɗauko ganyen, biyar ne, kowanne bai kai ɓawon albasa kauri ba. Ya tsoma a sifirit, ya goge da auduga, ya ajiye ya bushe. Ko numfashi bai yarda a yi kusa ba. Sau biyu yana mayarwa suna maƙalewa, Kaka kuwa tana ciki ta sha lalle, tana aiko da cewa in aka sauko daga masallaci ba a gama ba ta fasa. A na uku ya ɗana, ya danna. Ƙyas. Ban taɓa jin ƙara mai daɗi irin wannan ba.

An ɗauki hoton a gindin darbejiya, ta ɗaure fuska kamar za a yi mata allura. Guda biyu ya wanke, ɗaya na wurina yanzu a Kalgo, inda aure ya kawo ni.

Halina bai canza ba. Da na haifi Hadiza, zane uku nake naɗe ta, in shafe ta da man zafi ko atishawa ta yi, har ƙuraje suka feso mata a wuya. Ina wanke ta na tuna da zabuwa, na yi dariya ni kaɗai, na rage zane biyu. Na daɗe ina zaton iyakar darasin ke nan. Sai yanzu da Hadiza ta fara tafiya tana taya ni aiki, shekaranjiya ma ta zuba min ruwa a garin tuwo wai wanke shi take, na gane abin da Kaka ta yi a gaban murhu. Ta san ni ce. Ba ta tona ni ba, hanya ta share min na fito da kaina ba tare da an dake ni ba.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, roƙo ɗaya nake yi ga mai karanta wannan. In yaro ya ɓata maka abu, kafin ka ɗaga hannu, don Allah ka tambaye shi me ya so ya gyara.